Kiran da Ya Iske Ni a Kan Tudu

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, amma ba tatsuniya ba ce. Abin da idona ya gani ne, kunnena ya ji, hannuna ya riƙe.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Dumega. Babu wutar lantarki, babu kwalta, rairayi ne har idon sawu. Salula ba ta kama magana a cikin gari, sai mutum ya hau tudun da ke gabas, inda wani tsohon gawo yake tsaye. A gindin gawon nan gamanata take, wato 'yar gonar da maigida ya yanka mini tun ina amarya. Shi ya riga mu gidan gaskiya, gonar tana nan, ina shuka gujiya da kuɓewa da yakuwa.

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, ya yi lakkwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ya wuce Yamai, daga can aka tura shi ƙasar Sham ya koyo aikin ban ruwa. Ya dawo da takarda, ya dawo da mata. Doguwa ce, fara, mai ƙaramar murya. Mutanen gari suka sa mata Balarabiya, sunan ya bi ta. Sun zauna a Dogon Dutsi inda yake aiki, ta koyi Hausa a kasuwa da bakin murhu, Hausar da ke tuntuɓe amma tana kai wa inda ta nufa. Inna take ce mini.

Ɗana ya gaya mini mutanenta ana ce musu Alawiyyawa. Kan duwatsu suke zaune kusa da teku, suna noman taba da zaitun da tuffa. Suna da tasu hanyar ibada wadda waɗansu Musulmin ƙasar ba su yarda da ita ba. Ban tsananta tambaya ba. Ni da kakata ta rasu da ɗakin iskokinta a bayan gida, ba ni ce mai auna addinin wani ba.

Sai yaƙi ya tashi a ƙasarsu tsakanin gwamnati da 'yan tawaye. Yadda ɗana ya warware mini, mai mulkin ƙasar daga cikin Alawiyyawa ya fito. Sojojinsa suna ruwan wuta a kan garuruwan da suka juya masa baya, su kuma 'yan tawaye suka ɗauki kowane ƙauyen Alawiyyawa a matsayin na abokan gaba, ko da mutanen ƙauyen ba su taɓa ganin ƙofar gidan mulki ba. Uban yarinyar nan, iyakar aikinsa shanya ganyen taba a igiya.

Balarabiya ta sha wahala da ciki. Ya shiga ya zube, ya shiga ya zube. Da wannan ya zauna har ya tsufa, sai maganar goyon ciki ta taso, don a wurinmu mace gidan uwarta take komawa ta yi haihuwar fari. Gidan uwarta kuwa yana cikin wuta. Na ce a kawo mini ita. Aka kawo ta da farkon damina, na share mata ɗakin da ke kusa da nawa.

Kowace la'asar mukan hau tudu tare, a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ni in duba shuka, ita ta kira uwarta. Kafin su yi sallama takan miƙo mini salular. In ce salamu alaikum, matar ta amsa. In ce alhamdu lillahi, ta ce alhamdu lillahi. Mu yi dariya. Iyakar hirarmu ke nan ni da ita, amma na san muryarta kamar yadda na san kukan akuyata a cikin garke. Murya ce mai ɗan kaushi, irin ta wadda ta daɗe kusa da hayaƙi.

Bayan ƙaramar salla kaɗan, ɗana ya zo a kan babur ba ranar zuwansa ba. Ya gaida matarsa, ya sha ruwa, ya yi mini ido. Muka zagaya bayan rumbu. Ya sa aka kira gwaggonsa, yayar maigidana, wadda ita ce ungozomar gari, rabin mutanen ƙauyenmu a hannunta suka faɗo. Gwaggo kowa ke ce mata, har ni.

Ya ce, "Inna, an shiga garinsu da asuba. Wani ɗan'uwansu da ke birni ya kira ni."

Na ce, "Uban fa?"

"Sun harbe shi bakin ƙofa. Shi da ƙanenta."

"Uwar?"

"Sun kwashe mata da yara cikin motoci. Ba wanda ya san inda anka kai su."

Muka yi salati ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta dogara da sandarta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "To, maganar ga ta mutu nan bayan rumbu. Mai ciki ba a kai mata saƙon mutuwa. Sai ta sauka, ta yi wanka, jini ya koma mazauninsa. Wanda duk ya buɗe baki, da ni zai gamu."

Babu wanda ya musa. Haka muka gada, haka aka yi mini lokacin da ubana ya rasu ina ɗauke da cikin autana, kuma na ga amfanin abin. Ciki ba ya son firgita, balle wannan da aka daɗe ana biɗa.

Abin da ya rage shi ne salula. Ɗana ya karɓe ta, ya ce wa matarsa ta lalace, zai kai ta gyara Dogon Dutsi. Amma shi aiki zai kai shi daji inda magana ba ta kamawa, kuma lambar nan ita kaɗai uwar matarsa ta sani. Sai ya damƙa mini ita a ɓoye.

Ya ce, "Ki riƙa hawa da ita tudu in za ki gona. In ta yi kuka, kada ki taɓa komi. In na zo ni ga wanda ya kira."

Na ƙulle ta a bakin zanena, na soke a ƙugu.

Gari duka ya ɗauki sirrin nan kamar yadda ake ɗaukar tulu cike a ka. Mata suna yi mini gaisuwa a bakin rijiya, murya ƙasa, in sun shigo gida sai su kama zancen tsadar gishiri. Maƙwabta suka rage ƙarar rediyo. In Balarabiya ta nemi aron salula, kowa tasa ba ta da kuɗin kira. Gwaggo kuma ta hana ta hawan tudu, ta ce akwai aljana doguwa a gindin gawon nan, mai tsohon ciki ba ta kusantarsa.

Balarabiya ta ce, "Gwaggo, da can doguwar tana ina?"

Gwaggo ta ce, "Ta tahi biki, ta komo."

Balarabiya ta yi dariya, ta bi maganar. Takan zauna a ƙofar ɗaki tana ɗinka 'yan riguna da hannu. Wani lokaci ta ɗago kai ta ce, "Inna, salula ba ta gyaru ba? Ummi za ta ce na manta da ita." In ce mata masu gyaran Dutsi ba su da sauri. Abin da ke ƙuguna kuwa yana dannar mini ciki duk lokacin da na duƙa.

Akwai wata Bafillata mai kawo mana nono daga ruga, tsarata ce, tun muna 'yan mata muke zagin juna, don tsakanin mu Arawa da Fulani wasa ne na kaka da kakanni. Ita na amince wa. Ranar kasuwa takan sa salular a ƙarƙashin faifan ƙwaryarta, ta kai wa mai shagon hasken rana ya sa mata wuta, ta dawo mini da ita. Wani lokaci ina cikin gona sai abin ya yi kuka a ƙuguna. In tsaya cik har ya yi shiru, in koma aikina.

Ranar da nake son ba ku labari, da hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke, ina cirar ciyawa a cikin gujiya. Sai ga Bafillata ta ɓullo da jakinta.

Ta ce, "Sannu baiwata. Ku Arawa in kuna noma kamar allura kuka yar kuna nema."

Na ce, "Ke kuma yau rijiyar wa kinka tatsa? Nonon jiya sai da na ga kwaɗo a ciki."

"Kwaɗon gyara na ba ki, ba ki gode ba."

Muna cikin haka salula ta ɗauki kuka. Na yi tsaye kamar kullum. Ta yi shiru. Ban kai ga duƙawa ba ta sake. Ta yi shiru, ta sake. Bafillata ta sauke ƙwaryarta.

Ta ce, "Wanga mai kira ba gaisuwa ya biɗa ba. Kwance ta."

"An ce kada in taɓa."

"Ke anka ce wa. Ni ba wanda ya ce mini komi."

Ta sa hannu a ƙuguna ta zaro, ta danna, ta kanga mini a kunne.

Muryar nan ce mai kaushi. Tana kiran sunan ɗiyarta, tana maimaitawa da sauri-sauri, kamar mai kiran yaro da ya nufi bakin rijiya. A bayanta ina jin kukan yara da maganar maza.

Na ce, "Salamu alaikum."

Ta amsa. Ta gane ni. Ta sake kiran sunan, wannan karon a hankali, tana roƙo.

Ku tsaya in gaya muku abin da ke gabana. In na ruga gida da salular, kafin in kai rabin gangara magana ta mutu. In za su yi magana, sai dai a hawo da mai ciki nan, ta ji komai a tsaye, ba shiri, ba lallashi. Na tuna cikkunan da suka zube. Na tuna Gwaggo da abin da muka ƙulla a bayan rumbu. Amma matar nan tana hannun masu bindiga. Wanda ya ba ta waya yau, ban san ko zai sake ba ta ba, ban kuma san ko za ta kai gobe ba.

Na ce wa Bafillata, "Tahi ki ɗauko ta. Aza ta bisa jaki, kada ki bari shi yi gudu."

"In Gwaggo ta tare ni fa?"

"Ke ba Bafillata ba ce? Sata kunka iya. Sato ta."

Ta kaɗa jaki ta gangara, ta bar ƙwaryar nono a cikin gujiyata.

Sai ya rage ni da matar. Ni ba Larabci, ita ba Hausa, tsakanin tudu da gida kuwa akwai 'yar tafiya. Ta yi magana mai tsawo, ban tsinci komai ba sai sunan ɗiyarta. Na ce, "Innallaha ma'assabirin." Na sake faɗa. Can sai na ji an fizge wayar, wani namiji ya yi tsawa a kunnena. Na san in na yi shiru zai kashe. Na yi masa sallama. Ya ɗan dakata, ya amsa a gajarce. Kafin ya ƙara wata magana na ɗauko Fatiha, na ja ta a hankali yadda limaminmu yake ja ranar idi. Ko kunyar katse Fatiha ya ji, ko dariya na ba shi, Allah kaɗai ya sani. Da na kai amin, muryar matar ce ta amsa mini.

Na shiga Ƙulhuwa. Na yi Falaƙi, na yi Nasi, na yi duk 'yan surorin da nake salla da su, ba su da yawa. Tana biye da ni a wasu, a wasu tana kuka. Da suka ƙare na koma Hausa, don ba ni da sauran abin bayarwa. Na ce mata ɗiyarki lafiya lau. Ciki ya sauko, yana motsi. Tana cin tuwo, amma har yanzu ba ta son miyar kuka. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, muna jiƙa mata su. An yi ruwa, hatsi ya yi kai. Na ce mata ga su nan, na hango su, kada ki bari a karɓe. Ban hango kowa ba a lokacin. Idona yana kan gangara, bakina yana ta aiki. Namijin ya sake yin tsawa daga nesa, na koma Fatiha.

Sai ga kan jaki. Balarabiya tana zaune a karkace ta riƙe ciki da hannu biyu, Bafillata tana jan igiya. A bayansu Gwaggo, ba mayafi, tana dogara sanda tana haki.

Tun daga nesa take ɗaga murya: "In cikin ga ya zube, ke za ki gina ramin da hannunki! Ke da wagga ɓarauniyar shanu!"

Na tari jakin, na sa wa yarinyar salula a kunne tun ba ta sauko ba. Ta dube ni, ta dubi salular da aka ce tana Dogon Dutsi. Sannan ta ji muryar.

Ta ce, "Ummi?"

Muka sauke ta. Na riƙe ta ta baya, hannuwana a ƙarƙashin hammatarta. Gwaggo ta iso tana zagi, ta yar da sanda, ta durƙusa ta sa tafin hannu a ƙasan cikin, ta bar zagin. Yarinyar tana saurare, tana cewa wata kalma guda tana maimaitawa. Na ji lokacin da labarin ya shige ta, don nauyinta duka ya dawo kaina. Ba ta yi ihu ba. Ta yi tambaya, aka amsa. Ta yi wata. Ta fara faɗin wani abu da sauri, sai ta tsaya, ta cire salular daga kunne ta duba. An katse.

Gawo da damina ba ya da ganye, ba ya da inuwa. Muka zaunar da ita a gindinsa haka nan, Bafillata ta kare mata rana da faifai.

Sai Balarabiya ta ce, "Inna, kun sani?"

Na ce, "Mun sani."

"Kowa?"

"Kowa. Har mai nono."

"Tun yaushe Babana yake ƙasa ban yi masa kuka ba?"

"Tun bayan salla."

Ta gyaɗa kai. Ta gaya mana abin da uwarta ta ce. Suna cikin wani babban gida, mata da yara da yawa. An ba kowace waya ta kira danginta su yi wa gwamnati kuka, a yi musayarsu da fursunoni. Lambar ɗiyarta kaɗai ta haddace. Ta ga mijinta da ɗanta a kwance kafin a sa ta a mota. Ta tambayi ciki. Ta kuma ce a gaida tsohuwar da ta yi ta yi mata karatu, ta ce akwai gyara a Falaƙinta.

Bafillata ta ce, "Na daɗe ina faɗa, sallar Arawa sai a hankali."

Balarabiya ta yi wani abu tsakanin dariya da kuka, daga nan kukan ya samu hanya. Muka bar ta ta yi. Gwaggo ba ta ɗauke hannunta daga cikin ba har rana ta take.

Da muka koma gida ta nemi baƙin tufafi, don su haka suke makoki. Mu ba ma yi, amma Gwaggo ta buɗe adakarta ta ɗauko baƙin zanen rini ta ba ta. Muka shimfiɗa tabarmi, gari ya zo ya yi gaisuwar da ya daɗe yana ɓoyewa. Liman ya tambayi ɗana, da aka aika ya zo, ko mamatan suna kalmar shahada. Ya ce suna yi. Liman ya ce to ya isa, ya ɗaga hannu.

Gwaggo ta kwantar da ita, ta hana ta ko ɗaukar buta, tana ba ta jiƙe-jiƙe safe da yamma. Ni kuwa ta daina yi mini magana. In tana son wani abu sai ta ce wa bango, "A gaya wa mai salula ta kawo ruwan zafi." Balarabiya ita ma ta daina yi wa mijinta magana. Ni ba ta riƙe ni ba, ban san dalili ba. Kullum ita da kanta take ɗaura mini salular a bakin zane, in hau tudu, in yini, in sauko. Tana ganin fuskata ta san amsa. Kira daga gidan nan bai sake zuwa ba.

Cikin ya zauna. Ana yankan hatsi ta haihu a hannun Gwaggo, mace, ƙarama amma mai ƙarfin kuka. Gwaggo ta wanke ta, ta miƙo mini, ta yi mini magana ta farko tun ranar tudu.

Ta ce, "Sa'a kinka ci, ba dabara ba."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

Kuma haka ne. Har gobe in mutuwa ta faɗo a kan mai ciki a garinmu, ina cikin masu cewa a rufe.

Gwaggo ta rasu bayan wasu damuna, tana zaune tana tsinkar yakuwa. Su Bafillata sun tashi da rugarsu sun yi kudu lokacin da masu bindiga suka fara karɓe shanu a dajinmu, tana aiko mini da zagi ta bakin masu zuwa kasuwar Tibiri. Ɗana yana nan Dogon Dutsi da aikinsa, furfura ta fito masa. Matarsa ta koma yi masa magana ranar suna, sun ƙara 'ya'ya maza bayan nan, ta buɗe ɗan wurin ɗinki a ƙofar gida. Yarinyar da aka haifa, sunan kakarta ta Sham aka sa mata, yanzu ta fi ni tsawo, tana lakkwal.

Uwar Balarabiya ta yi shekaru a tsare, ba a sake ba ta waya ba ko sau ɗaya. Daga baya aka yi musayar, ta fito da rai, haƙoranta sun zube. Ba ta koma ƙauyen ba, ta zauna wurin dangi a birnin bakin teku. Da mulkin ƙasar ya juya, aka sake afka wa garuruwansu, sai ta tsallaka iyaka zuwa ƙasar maƙwabta, can take a ɗaki guda da 'yar ƙanwarta. Ita da ɗiyarta suna ganin juna a cikin salula, amma har yau ba su haɗu ba.

Ni kuma ga ni. Gwiwa ta hana ni hawan tudu, matar autana ke noma gamanar, tana kawo mini rabona na gujiya.